Manhajar kanti ta ƙi tashi a sabuwar kwamfuta: littafin aikin gyara

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Ban gama karyawa ba kiran Alhaji ya shigo. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, sabuwar kwamfutar nan fa ta tsayar mana da ciniki." Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe."

Kantin sari ne na kayan masarufi a Kasuwar Singa: shinkafa, sukari, taliya, man girki, sabulu. Shekara da shekaru duk lissafinsu yana cikin wata tsohuwar manhaja da wani bawan Allah ya haɗa musu. Abin da ya shigo sito, abin da ya fita, wanda ya biya, wanda ake bi bashi, duk suna ciki. Tsohuwar kwamfutar tana kan Windows 10, wadda wa'adin tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban da ya wuce, kuma ba ta da TPM 2.0, guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata. Ni na ba Alhaji shawarar a sayi sabuwa, saboda haka nauyin wannan matsala a wuyana yake kafin na kowa.

Ga abin da na tarar. In an danna manhajar sau biyu, da'irar nan shuɗiya ta ɗan juya, tambarin manhajar ya fito kamar na daƙiƙa biyu, sai ya ɓace. Babu saƙo, babu gargaɗi. Akawun kantin, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya riga ya ɗauko tsohon littafinsa mai jan bango yana rubuta ciniki da biro, yaran shago na tsaye a kansa da takardun masu ɗaukar kaya.

Kafin in taɓa komai na kwafi ma'adanar bayanan a filasha biyu. Ɗaya na ba Alhaji ya sa a aljihun babbar rigarsa, ɗaya na riƙe. Sannan na mayar da tsohuwar kwamfutar kan tebur, na cire mata kebul ɗin intanet, na ce Baba akawu ya ci gaba da aiki da ita har in gama. Ciniki ya dawo kafin azahar, hankalina ya ɗan kwanta.

Na gwada abubuwan da aka saba: buɗe ta da ikon mai gudanarwa, sa ta a yanayin dacewa da tsofaffin Windows, cire ta a sake girkawa. Babu abin da ya sauya. Sai na shiga Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfuta, sashen Application. Nan na ga jan layi, lamba 1000, duk lokacin da aka gwada buɗewa. Lambar laifin 0xc0000005, kuma fayil ɗin da ya jawo faɗuwar wani DLL ne na ita manhajar kanta, wato wani sashenta da ke cikin fayil daban wanda take lodawa in ta tashi. Ma'anar wannan lamba ita ce manhaja ta kai hannu wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba ta da izinin taɓawa, Windows ta tsayar da ita nan take.

Wani maƙwabcin kanti ya leƙo, ya ce, "Malam, ka kashe antibairos ɗin kawai, mu ma haka aka yi mana." Na gode masa, amma ba zan yi ba. Dalilin sayen kwamfutar shi ne tsaro. In na kashe tsaron don manhaja ta buɗe, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na kawo kwamfutar shagona don in samu natsuwa. Event Viewer ta faɗa mini an yi faɗuwa, ba ta faɗa mini dalili ba. Don haka na shiga rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta, ƙarƙashin Windows Error Reporting, na ƙirƙiri mabuɗin LocalDumps. Da wannan, duk sanda manhaja ta faɗi, Windows za ta ajiye hoton abin da ke ƙwaƙwalwarta a daidai lokacin. Na danna manhajar, ta mutu, fayil ya bayyana a foldar CrashDumps. Na buɗe shi da WinDbg, manhajar binciken irin waɗannan fayiloli.

Zatona na farko DEP ne. Tun 2004, da fitowar Service Pack 2 na Windows XP, akwai wannan kariya da ke hana a gudanar da umarni daga wurin da aka ware don ajiye bayanai kawai, kuma tsofaffin manhajoji da yawa sun sha karo da ita. Amma akwai hanyar ganewa. Laifin 0xc0000005 yana zuwa da ƙarin lamba a gabansa: 0 in karantawa aka yi yunƙurin yi, 1 in rubutawa ce, 8 in DEP ce ta tare. Abin da na gani 0 ne. Ashe ba DEP ba ce. Da na bi zato na je ina kwance DEP, da na raunana kwamfutar a banza, manhajar kuma tana nan a mace.

Abin da ya ɗau hankalina shi ne adireshin da ta nemi karantawa. Yana kusa ƙwarai da 0x10000000. Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da manhajojin 32-bit ya san wannan lamba, domin ita ce mazaunin da kayan haɗa manhaja na Microsoft ke ba DLL in mai haɗawar bai zaɓi wani ba. Na duba jerin abubuwan da aka loda, sai ga DLL ɗin namu a wani adireshi daban can nesa. Manhajar ta je inda ta saba samunsa, ta tarar da wayam.

Da yamma na koma kasuwa, na roƙi Baba akawu ya ba ni minti biyar a tsohuwar kwamfutar. Na buɗe Process Explorer, manhajar da ke nuna abin da ke gudana a kwamfuta, na duba mazaunin DLL ɗin: 0x10000000 cif. Na rufe manhajar na sake buɗewa sau uku, bai gusa ba. A sabuwar kuwa, wani abu ne ke tashin sa daga wurinsa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Da safe na buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa na rubuta Get-ProcessMitigation -System. A sashen ASLR, layin ForceRelocateImages yana nuna ON. Ba haka Windows ke fitowa daga kamfani ba. A allon Exploit protection na cikin Windows Security, wannan saiti mai suna Mandatory ASLR a kashe yake zuwa. Wani ne ya kunna shi.

Bari in bayyana shi yadda na bayyana wa Alhaji. ASLR dabara ce da ta shigo tun zamanin Windows Vista. Duk sanda kwamfuta za ta loda manhaja, sai ta sauya wa sassanta mazauni a ƙwaƙwalwa, don mai kutse kada ya san inda zai dosa. Na ce masa, "Alhaji, ka ɗauka ɓarawo ya haddace inda akwatin kuɗinka yake. In kullum da asuba ana sauya wa kaya wuri a cikin kantin, ranar da ya shigo cikin duhu sai ya yi ta lalube." Ya ce, "Wannan ai dabara ce mai kyau." Na ce ƙwarai kuwa. Matsalar ita ce manhajarka kamar tsohon yaron shago ce da ya saba miƙa hannu kanta ta uku ya ɗauko littafin bashi ba tare da ya duba ba. Ranar da aka matsar da littafin, sai ya rasa abin yi.

A ƙa'ida, Windows tana sauya mazauni ne ga sassan da mai haɗa su ya yi musu alamar cewa sun yarda, wato aka haɗa su da zaɓin DYNAMICBASE. Waɗanda ba su da alamar ana barin su a inda suka nema, muddin wurin babu kowa. Shi Mandatory ASLR tilas yake yi wa kowa, da mai alama da marar alama. Manhajoji da yawa suna jurewa. Wadda aka rubuta mata adireshi da hannu a cikinta ba ta jurewa.

Na tambayi wanda ya fara saita kwamfutar. Alhaji ya kira ɗansa, matashi ne ɗan jami'a, ya zo a ɗarare yana zaton faɗa za a yi masa. Ya ce shi ne. Bara an kulle wa wani abokin kasuwancinsu duk fayilolinsa, masu kutsen suka nemi kuɗin fansa, mutumin ya rasa lissafin bashin da yake bin mutane. Shi kuma da aka kawo sabuwar kwamfuta sai ya shiga Windows Security ya kunna duk abin da ya ga a kashe. Na ce masa a gaban mahaifinsa, "Ƙanena, ba ka yi laifi ba. Abin da ka kunna na gaskiya ne, kuma zan bar shi a kunne. Ƙofa ɗaya kawai za mu buɗe wa manhajar nan, ita kaɗai." Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ina so wannan yaro ya ci gaba da damuwa da tsaro, domin irinsa ba su da yawa a kasuwa. Galibi abin da nake tararwa shi ne kwamfutar da aka kashe mata komai tun ranar farko.

Waɗannan saituna a da sai an saukar da wata manhaja ta Microsoft mai suna EMET ake samun su. Daga Windows 10 sigar 1709, wadda ta fito a Oktoban 2017, aka shigar da su cikin Windows kanta, EMET kuma aka yi ritayarta a Yulin 2018. Alherin da ke cikin tsarin shi ne yana da ɓangare biyu: saitin kwamfuta gaba ɗaya, da saitin manhaja ɗai-ɗai. Na shiga Program settings. Akwai zaɓi biyu wajen ƙara manhaja, ko da sunanta, ko da cikakkiyar hanyar inda take zaune. Na ɗauki na biyu da gangan. In da suna kawai na sa, duk wani fayil da ya ari wannan suna, ko daga filashar wani ya fito, zai ci moriyar sassaucin. Na sauka zuwa Mandatory ASLR, na yi alamar a bi nawa saitin maimakon na gaba ɗaya, na kashe shi. Sauran ban taɓa ko ɗaya ba.

Na danna manhajar. Tambari ya fito, ya tsaya, allon shigar da kalmar sirri ya bayyana. Yaron ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi. Na sa kalmar sirri, na danna shiga, manhajar ta rufe kanta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Mutuwar jiya ta biyu ba irin ta farko ba ce. Babu 0xc0000005. A maimakon haka, a tarihin kariya na Windows Security na tarar da layuka a jere cewa an toshe yunƙurin sauya wata folda mai kariya. A kundin Windows Defender na Event Viewer kuma lamba 1123 ce, da sunan manhajarmu da foldar Documents.

Controlled folder access ke nan, wani daga cikin abubuwan da yaron ya kunna. Ita ma a sigar 1709 ta shigo, 'yan watanni bayan ɓarnar WannaCry, muguwar manhajar kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ta Mayun 2017. Aikinta ta tsare foldoji irin su Documents da Pictures, kada manhajar da ba a amince da ita ba ta rubuta komai a ciki. Ma'adanar kantin fayil ɗin Access ne irin na da, mai ƙarshen mdb, kuma a Documents yake. Duk sanda aka buɗe irin wannan fayil don aiki, ana ƙirƙirar ɗan ƙaramin fayil na kulle mai ƙarshen ldb a gefensa. Manhajar ta nemi yin haka, aka hana ta, wanda ya rubuta ta bai tanadi abin da za ta ce in an hana ta ba, sai ta fice shiru.

Hanya mai sauƙi ita ce in kwashe ma'adanar daga Documents in kai ta wata folda da ba a tsarewa. Manhaja za ta buɗe, amma na fitar da dukiyar kantin daga ɗakin da ke da mai gadi na ajiye ta a tsakar gida. Gyaran gangar Auzinawa. Sai na bar ta inda take, na shigar da manhajar cikin jerin waɗanda aka amince su rubuta, nan ma da cikakkiyar hanyarta. Ta buɗe. Na ga sunayen kaya, na ga buhun sukari nawa ya rage a sito, na ga jerin masu bashi. Na rufe na buɗe sau goma, na kashe kwamfutar na kunna sau biyu, lafiya lau.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na kai kwamfutar kanti. Na sake kwaso ma'adanar daga tsohuwar, tunda kwana huɗu ana aiki a can. Ni da Baba akawu muka ɗauki kaya ashirin muka gwama adadinsu a kwamfutocin biyu, duk sun yi daidai. Ciniki na farko ya shiga. Da aka zo buga rasit, firinta ta yi shiru.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Firintar rasit ɗin tsohuwa ce, mai ramin siriyal, ana haɗa ta da kwamfuta ta wani kebul mai mayarwa zuwa USB. Da na girka direban da ya zo da kebul ɗin a faifai, wato ɗan shirin da ke sa Windows ta iya aiki da shi, Windows ta fito da saƙo cewa wannan direba ba zai iya lodi a wannan na'ura ba. Wanda ya tare shi Memory integrity ne, a ƙarƙashin Core isolation. Wannan ba aikin yaron ba ne, sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa a kunne suke zuwa da shi.

Nan muka ɗan yi ja-in-ja da Alhaji, cikin mutunci. Ya ce, "Injiniya, ka buɗe masa ƙofar shi ma mana, kamar yadda ka yi wa waccan." Na ce, "Allah ya ja da ranka, wannan ba ta da ƙaramar ƙofa. Ko a bar ta duka, ko a kashe ta duka." Haka ne kuwa. Direba ba kamar manhajar lissafi ba ne, a can cikin zuciyar Windows yake aiki, inda in mugun abu ya samu shiga babu sauran mai tsayar da shi. Memory integrity tana amfani da fasahar keɓewa ta cikin na'ura don tantance abin da zai gudana a wannan wuri, kuma ba a yi mata jerin 'yan alfarma ba. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ba zan kwance mata wannan saboda kebul ɗaya ba.

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To nawa ne sabon kebul ɗin?" Da na faɗa masa ya yi dariya ya ce ai bai kai ribar katan ɗin taliya biyu ba. Yau dai da hannu aka rubuta rasit.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na samo kebul mai sabon guntu a ciki. Kafin in biya na sa mai shagon ya bari in gwada a kwamfutata ta hannu, wadda ita ma Memory integrity ɗinta a kunne yake. Windows ta ɗauko direban da kanta. A kanti Windows ta ba ramin nasa lamba COM4, manhajar kuma COM1 ta sani, sai na sauya masa lamba a Device Manager. Rasit ya fito, Baba akawu ya ɗaga shi sama ya karanta har ƙasa kafin ya miƙa wa mai kaya.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na zo ne kawai in duba, sai na ci karo da abin da ya fi duk na baya tayar mini da hankali. Manhajar tana da wani ɗan ƙaramin shiri daban da ke kwafar ma'adanar duk yamma in an tashi, ya ajiye a wata folda cikin Documents. Na leƙa foldar, kwafin ƙarshe na ranar da na kwaso daga tsohuwar kwamfuta ne. Tun Juma'a babu sabo. A Event Viewer ga 1123 nan tana maimaituwa kowace yamma, wannan karon da sunan ɗan shirin. Ni babbar manhajar kaɗai na ba izini ranar Alhamis, ban tuna cewa mai kwafar fayil ne mai zaman kansa ba. Bai yi ƙorafi ba, kowa na zaton ana ajiya. Da faifan kwamfutar ya lalace a cikin kwanakin nan, da cinikin kusan mako ya tafi.

Na ƙara shi a jerin, na gudanar da shi da hannu, kwafi ya fito. Na faɗa wa Alhaji abin da ya faru ba tare da na rage komai ba. Daga yanzu, duk inda na tarar da Controlled folder access tare da tsohuwar manhaja, zan fara sa ta a AuditMode na 'yan kwanaki. A wannan yanayin ba ta toshewa, rubutawa kawai take yi da lamba 1124 cewa da ta toshe wane da wane. Daga jerin sai mutum ya san duk wanda ke buƙatar izini kafin ya kulle ƙofa.

Kwafin da ke zaune a faifai ɗaya da asali kuma bai ishe ni ba. Na nuna wa ɗan Alhaji yadda zai riƙa kwafa a filasha duk yamma, ya zare ta, ya tafi da ita gida. Ya karɓi aikin da murna.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na samu wanda ya haɗa manhajar a waya bayan kwana uku ina nema. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe. Na gaya masa adireshin da na gani da abin da nake zato, na tambaya ko zai iya sake haɗa DLL ɗin ta yadda zai yarda a sauya masa mazauni. Ya ce sashen lasisi ne, kuma ba shi ya rubuta shi ba, a wurin wani ya karɓa tun farko, asalin rubutun ba ya hannunsa. Ya yi alkawarin duba ko zai maye gurbinsa da nasa. Har zuwa lokacin, sassaucin da na yi zai zauna.

Na fitar da saitunan Exploit protection zuwa fayil ɗin XML na ajiye a filashar Alhaji, don in an sake girka Windows a dawo da su da umarni ɗaya. Na kuma rubuta a takarda, da Hausa, abubuwa huɗu da aka taɓa a kwamfutar: ASLR na tilas da aka ɗage wa manhaja ɗaya, shirye-shirye biyu da aka ba izinin rubutu a Documents, da lambar ramin firinta. Na manna ta a cikin durowar Baba akawu, da gargaɗin kada a matsar da foldar manhajar, domin duk izinin a kan hanyarta aka ɗaura shi. Mabuɗin LocalDumps na goge shi, tunda hotunan ƙwaƙwalwa na iya ƙunsar bayanan abokan ciniki, na share waɗanda suka taru.

Tsohuwar kwamfutar ba za a sayar ba tukuna. Tana ƙarƙashin tebur a lulluɓe da leda saboda ƙurar hunturu da ta fara sauka, ba intanet a jikinta. Ranar Asabar mai zuwa zan ɗauki filashar yaron in mayar da kwafin Juma'a a cikin tsohuwar kwamfutar, in buɗe, mu gwama adadin kaya da Baba akawu. Sai na ga kwafin ya tashi da idona zan rubuta wa Alhaji takardar kuɗin aiki.